Mai Komawa Mafarin Labari, Wane Bashi Ake Binsa?

  

Yau akwai wata tambaya da nake so mu yi shawara a kanta. Mutumin da ke ba da labarin ƙage, wanda shi da masu saurarensa duk sun san ba a yi ba, akwai wata gaskiya da ake binsa? Ko kuwa tun da ƙage ne, yana da iko ya faɗi duk abin da ya ga dama? Kada ka ce wannan zancen masu ƙoshi ne. Ka yi haƙuri ka bi ni. Daga sinima za mu fara, amma a bakin gona za mu ƙare.

Yadda zancen ya taso

A ajinmu na yaƙi da jahilci, in mun gama karatu da lissafi, mukan rage ɗan lokaci na hira. Wata rana ɗalibai suka ce in ba su labari. Sai na tuna da wasu finafinan Amurka da na kalla a kwamfutar wani abokina, lokacin da muke makarantar horon malamai. Sunansu Star Wars, wato Yaƙin Taurari. Na yi mako biyu ina ba su labarin kaɗan-kaɗan, bisa yadda finafinan suka fito, na farko kafin na baya.

Ranar da na kai ƙarshe, sai wata dattijuwa ta ɗaga hannu. Ungozoma ce, bana ne ta fara iya rubuta sunanta.

Ta ce, "Malam, tsaya. Ba kai ka ce muna yarinyar nan ta tuna da uwatta ba?"

Na ce, "Ni na ce, Inna."

Ta ce, "To, yau kuma ka ce uwar ta rasu ranar da ta haihu. Ni na fi shekara talatin ina karɓar haihuwa, ban taɓa ganin jinjirin da ya tuna da ranar da aka haife shi ba. Ko dai kai ka manta, ko mai labarin ya manta."

Aji ya fashe da dariya. Na ce, "Inna, wallahi ba ni na manta ba. Haka abin yake a fim ɗin."

Wani saurayi ya ce, "To, mene ne a ciki? Ai dama ƙarya ce gaba ɗaya." Nan gardama ta sarƙe. Har muka tashi ba a rabu ba. Ni ma da ita na kwana, shi ya sa na kawo maka.

Ƙage ma yana da dokarsa

Bari in fara gaya maka irin waɗannan finafinai. Ana kiransu ƙagen kimiyya. Mai labari yakan ƙaga wani zamani da ba namu ba, inda mutane ke shiga jirgi su tafi wasu duniyoyi na cikin taurari, su gamu da wasu halittu, su yi aiki da mutum-mutumin ƙarfe mai magana. Ba Turawa kaɗai suka iya ba. A 1969 an buga littafin Umaru Dembo a Zariya, mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani yaro ya yi tafiya a sararin samaniya. Da Hausa aka rubuta shi.

To, wanda ya zauna kallon irin wannan ya riga ya yarda a yi masa ƙage. Haka muke a tatsuniya. In kaka ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yara suka ce, "Ta zo mu ji ta," an ƙulla yarjejeniya ke nan. Kura za ta yi magana, Gizo zai auri ɗiyar sarki, ba wanda zai tada gardama. A ƙarshe ma mai tatsuniya da bakinta take cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya.

Amma gwada ka gani. Ka ce an ba Kura ajiyar nama, ta tsare amana har mai shi ya dawo, ba tare da ka kawo wani dalili ba. Ko ka ce Gizo ya mutu a tsakiyar labari, can kuma sai ga shi yana cin tuwo, ba ka faɗi yadda ya tashi ba. Yaron da bai kai shekara bakwai ba zai tsayar da kai. Me ya sa ya yarda Kura ta yi magana, amma bai yarda ta tsare nama ba? Domin maganar Kura tana cikin dokar tatsuniya, tun farko aka shimfiɗa ta. Tsaron nama kuwa karya dokar ne. Mai labari yana da iko ya kafa irin dokar da yake so. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya take ta bayan ya kafa. Inda ya take ta, nan ne ake cewa labari ya yi ɓaraka.

Labarin da aka fara daga tsakiya

Wani mutumin Amurka mai suna Joj Lukas shi ya ƙago Yaƙin Taurari. Fim na farko ya fito a 1977, zamanin mulkin Kunce a nan Nijar. Na biyu a 1980, na uku a 1983. Labarin wani saurayi ne mai suna Luk, wanda ya tashi a gona, a hannun dangi, cikin wata duniya mai rairayi da fari. An gaya masa ubansa ya mutu. Ya shiga yaƙi da wata daula azzaluma. Babban barden daular, mai baƙar riga da baƙin kwalkwali, sunansa Beda. A fim na biyu Luk ya gane cewa Beda shi ne ubansa. A na uku ya gane cewa Leya, jarumar da suke yaƙi tare, ƴar'uwarsa ce, tagwaye ne. Da a nan ne, da Hasan da Usaina za a ce musu.

Labari ya ƙare, mutane suka ji daɗi. Sai tambaya ta rage: yaya aka yi mutumin kirki ya zama Beda? Bayan shekara 16, Lukas ya dawo don ya ba da amsa. Ya yi finafinai uku, a 1999 da 2002 da 2005, a kan ƙuruciyar uban, lokacin da sunansa Anakin. Irin wannan fim, wanda ake yi daga baya amma yana ba da labarin abin da ya riga ya faru, bari mu kira shi labarin mafari.

Ka san aikin gini. An saba a haƙa harsashi, sannan a ta da bango, sannan a yi rufi. Mai labarin mafari kuwa ɗaki ya iske a tsaye, da mutane a ciki, ya ce zai haƙa masa harsashi. In bai auna da kyau ba, bango zai tsage. Ga wurare uku da ya tsage.

Na ɗaya shi ne wanda Inna ta kama. A fim na 1983, Luk ya tambayi Leya ko tana tuna uwar da ta haife ta. Ta ce tana ɗan tunawa, ta siffanta ta da kyau da kirki da yawan baƙin ciki. A fim na 2005 kuwa, uwar, wadda ake kira Padme, ta haifi tagwayen, ta raɗa musu suna, nan take ta cika.

Na biyu, maganar ɓoyo. An raba tagwayen don kada ubansu ya san inda suke. To, ina aka kai Luk? Finafinan mafari sun nuna mana cewa wannan duniya mai rairayi can ne Anakin ya yi ƙuruciyarsa. Gidan da aka kai yaron kuwa gidan ɗan mijin uwar Anakin ne. A fim na 2002 Anakin ya zo gidan da ƙafarsa, a nan ya binne uwarsa. Kuma aka bar yaron da sunan zuriyar ubansa. Kamar a ce za a ɓoye wa mutumin Korgom ɗansa, sai a kai yaron Korgom, gidan da kabarin kakarsa yake, a riƙa kiransa ɗan wane. Wannan ɓoyo ne?

Na uku, maganar mantuwa. Akwai wasu mayaƙa da ake kira Jedi, masu takubban haske da wani ƙarfi na ɓoye. A fim na 1977 ana zancensu kamar abin da ya shuɗe tun kaka da kakanni, har wani matuƙin jirgi da ya yawata ko'ina ya ce shi bai ga abin da zai sa ya gaskata da wannan ƙarfi ba. Amma finafinan mafari sun nuna su dubbai, su ne shugabannin rundunar yaƙi, suna da babban gida a tsakiyar birnin mulki. Tsakanin hallaka su da girman Luk shekara 19 ce kawai. Kai ka duba. Yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, ta wuce shekara 40, amma har yau in ka ambace ta a kasuwar Mayahi za ka sami wanda zai gaya maka abin da ya ci a shekarar. Yaya za a manta da rundunar mayaƙa cikin shekara 19?

Inda aka tilasta wa mutanen labari

Ɓaraka ta fi sauƙin gani. Akwai wani ciwon da ya fi ta muni, shi ne mai labari ya sa mutum ya aikata abin da ba halinsa ba ne, don kawai labari ya kai inda ake so.

Koma kan Padme. An nuna mana ita mace mai zuciya, ta yi sarauta tun tana yarinya, ta riƙe makami, ta tsaya a majalisa. Da ta zo haihuwa, sai injin likita ya ce lafiyarta ƙalau, ba a ga wata cuta ba, sai dai ta fid da rai daga zaman duniya saboda abin da mijinta ya zama. Da na faɗi haka, matan ajinmu suka yi tsaki. Wata ta ce, "Mace da tagwaye a hannu? Ai ko mijin ya shiga duniya, don su za ta rayu." Gaskiyarta. Baƙin ciki yana kisa, ba a musu. Amma a nan kowa ya ga hannun mai labari. Ya san babu uwar a finafinan da suka riga suka fito, lokaci kuma ya ƙure masa, sai ya kawar da ita.

Ga wani misali daga wani gida. A 1979 an yi fim mai suna Alien, a kan wani dodo da ya shiga jirgin sararin samaniya ya riƙa kashe ma'aikata. A 2012 mai fim ɗin, Ridili Sikot, ya dawo da wani mai suna Prometheus, wanda labarinsa ya riga na farko. An tara masana an kai su wata duniya da ba wanda ya san ta. Da shigarsu wani gini mai kama da kogo, na'ura ta nuna iskar wurin ta shaƙu, sai suka tuɓe hulunan kariya, kamar ba su taɓa jin labarin ƙwayar cuta ba. Wanda ya saki na'urorin zana taswirar kogon, shi ne ya ɓata a ciki. Masanin dabbobi, wanda ɗazu ya ga gawa ya tsorata ya bar wurin, da ya ga wata halitta mai kama da kumurci ta fasa kai, sai ya miƙa mata hannu yana lallashi. Ko yaron da ke kiwon awaki ya san ba a yi wa maciji haka. An mai da masana wawaye ne don ana bukatar su mutu.

Me ke kawo wannan? Mai labarin da ya fara daga farko yana bin mutanensa, yana duba abin da mai irin wannan hali zai yi. Mai labarin mafari kuwa ya riga ya san ƙarshe. Ba bin mutanen yake ba, jan su yake da igiya, kamar wanda zai kai tunkiya kasuwa. In ta tirje, ya ja. Alhali kuwa Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. In za a nuna mana hali ya juya, sai a nuna mana abin da ya kankare dutsen.

Akwai kuma kuɗi. Fim ɗin 1999 ya kawo fiye da dala miliyan 900 a fitowarsa ta farko, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa ba. A 2012 kamfanin Disney ya sayi kamfanin Lukas a kan wajen dala biliyan 4. Sunan da ya karɓu a kasuwa, mutane za su zo kallo ko ɗinkin bai yi kyau ba. Kai ma ka sani a finafinan Kano da ake kallo a gidan kallo ko a waya: in na ɗaya ya karɓu, sai ka ga na biyu da na uku da na huɗu, ko da labarin ya riga ya ƙare.

Kada mu zalunci mai labari

Adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Ba kowane labarin mafari ke lalacewa ba, kuma ba kome ne ya lalace a na Lukas ba. Ya nuna yadda tsoro ke cin mutum. Anakin ya rasa uwarsa, ya yi kisan ramuwa, ya yi mafarki matarsa za ta mutu wajen haihuwa, wani makiri ya yi masa alkawarin magani, sai ya sayar da kansa. Wannan darasi ne mai kyau, ko da wasu na ganin juyawar ta yi sauri.

Akwai ma labarin mafarin da ya ɗinke ɓaraka. A fim na 1977 daular tana da wani makami mai girma kamar wata, amma harbi ɗaya cikin wata ƴar kafa ya tarwatsa shi. Shekara da shekaru masu kallo na tambaya: wane irin magini ne zai bar wannan kafa? A 2016 fim mai suna Rogue One ya ba da amsa. Wanda ya ƙera makamin tilasta masa aka yi, sai ya bar kafar da gangan, ya aika wa ɗiyarsa da saƙo. Ka ga nan an girmama abin da aka riga aka faɗa, aka nemo masa dalili mai shiga hankali. Matan Gulbin Kaba sun san wannan aiki. In za a ƙara wa tabarma faɗi, sai an duba saƙar da ke akwai, a yi sabuwar daidai da ita, sannan a haɗa.

To, ga amsar da zan ba saurayin ajinmu. Ƙwarai, ƙage ne gaba ɗaya. Amma mai saurare ya ba ka lokacinsa da hankalinsa, ya riƙe abin da ka faɗa jiya. Wannan amana ce. In ka dawo yau ka yi kamar ba ka faɗa ba, kana nufin ko dai bai da tunani, ko tunaninsa bai dame ka ba. Bashin da ake bin mai labari ke nan: ya tuna da maganarsa ta jiya.

Mu ma muna da labaran mafari

Yanzu mu dawo gida. Ka san labarin Bayajida. Ya taso daga Bagadaza, ya zauna Barno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya Daurama. Daga zuriyarsa aka sami Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Labarin ya shafe mu, tun da sarautar Katsina tana Maraɗi, ta Gobir tana Tsibiri.

Sau da yawa za ka ji an ce daga Bayajida Hausawa suka fito. Yi irin tambayar Inna. Su wa ya iske a Daura? Wa ya gina rijiyar? Su wane ne maƙeran Gaya? Ashe akwai gari da sarauta da sana'a tun kafin ya zo. Labarin bai ce shi ne uban kowa ba. Asalin gidajen sarauta yake bayyanawa. Mu ne muka ɗora masa kayan da bai ɗauka ba. Ka ga tambaya ba ta rushe labarin ba, ta mai da shi wurin zamansa ne.

Akwai kuma labarin mafarin da ke raba zumunci. Na taɓa zama wurin wata shari'ar gona a gaban wani maigari. Gida biyu ne. Ɗaya gidan sun daɗe suna noma gonar. Wani daga ɗaya gidan ya ce aro ne, kakansa ya ba da ita shekarar da Kunce ya hau mulki, shi kuma yana tsaye a wurin, da idonsa ya gani. Labarin ya tsaru, har da itacen da aka zauna a gindinsa. Sai wani dattijo ya tambaye shi a hankali, "Ɗana, ba kai ne aka yi sunanka shekarar El Buhari ba, da aka rasa ragon yankawa?" Aka yi lissafi. Kunce ya hau a 1974. El Buhari 1984. Mutumin ya halarci abin da aka yi shekara 10 kafin a haife shi. Wato shi ma Leya ne.

Ban ce gonar ba tasu ba ce. Mai yiwuwa aron gaskiya ne, a bakin ubansa ya ji. Amma da ya san ƙarshen da yake so, sai ya koma ya gyara mafari, ya sa kansa a ciki don maganar ta yi nauyi. Ƙarin da ya yi shi ya kashe masa gaskiyar da yake da ita. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A fim, ɓaraka kuɗin kallo kawai take ci. A nan kuwa gona take ci, wani lokaci har da jini.

Kai fa, mai karatu?

Kada ka yi wa wannan mutum dariya tukuna. Ni da kai duk muna yi. Ka ɓata da abokinka na shekara 20, sai a ji ka ce, "Ai ni dama tun farko na san halinsa." In ka sani, me ya sa ka ba shi ajiyar hatsinka shekara da shekaru? Aure ya mutu, sai miji ya ce tun ranar da ta tare bai ga alherinta ba. To, wa ya yi jinyarka shekarar da ka kwanta? Matar ita ma ta ce bai taɓa yi mata kome ba. Mutum ya yi arziki, sai ya ce da guminsa kaɗai ya tashi, a nemi kawun da ya ba shi jarin farko a cikin labarin a rasa. An kawar da shi kamar yadda aka kawar da Padme, don ba a bukatarsa a ƙarshen da ake so.

Wannan shi ne zaluncin da ba a kai wa alƙali. Ba ka ƙwace wa mutum kome na hannunsa ba, amma ka ƙwace masa alherin da ya riga ya yi. Kuma ka cuci kanka, domin wanda ya gyara jiya don ta dace da fushinsa na yau ba zai koyi kome daga gare ta ba. An ce waiwaye adon tafiya. Amma sai in abin da ke bayan ka gani, ba abin da ranka ke so ba.

Abin da karatu ya ƙara maka

Da, magana iska ce. Wanda ya fi iya baki, ko ya fi tsawon rai, shi ke da mafarin labari. Lukas bai tsira ba saboda finafinansa na farko suna nan, kowa na iya komawa ya duba. Rubutu ma haka yake. Yanzu da ka iya karatu, ka sami wannan makami. Ga shawarata.

Na farko, in an kawo maka labarin mafari, ko a fim, ko a rediyo, ko a waya, ko a dandali, yi tambaya uku. Lissafin shekaru ya fita? Abin da aka faɗa yau ya dace da wanda aka faɗa jiya? Mutumin da ake zance, haka halinsa yake? In ka ga dama ka ƙara ta huɗu: wa zai ci riba in na yarda?

Na biyu, rubuta mafari tun yana mafari. In ka ba da aron gona, ko jingina, ko kyauta, ko ka saya, a rubuta ranar, a gaban shaidu. Tun 1993 Nijar ta kafa dokar karkara, wadda ta tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, har zuwa ƙauyuka, don yin irin waɗannan takardu. Rubuta ranar haihuwar ɗiyanka. Rubuta bashi, naka da wanda ake binka. Abin da aka rubuta tun ba a san ƙarshe ba, shi ne shaidar da ba ta da ɓangare.

Na uku, in ka zauna da tsofaffi don ka rubuta tarihin garinku ko na gidanku, raba abin da suka gani da abin da suka ji. In baki biyu sun saɓa, rubuta duka biyu, ka ce wane ya ce kaza, wance ta ce kaza. Inda ba a sani ba, bar wurin a buɗe. Giɓin da aka bari a fili jikanka zai iya cikewa wata rana. Wanda aka toshe da ƙarya kuwa, shi zai gada, ya yi rantsuwa a kansa.

Na huɗu, in ka kama ɓaraka a bakin babba, yi tambayarka da ladabi. Mantuwa ba ƙarya ba ce, kuma kowa na mantuwa. Dattijon nan na wurin shari'a bai ɗaga murya ba, bai ce wa kowa maƙaryaci ba. Shekara kawai ya tambaya.

Inna ungozoma ba ta taɓa kallon Yaƙin Taurari ba, ba ta san inda Amurka take a taswira ba. Ta dai saurara da kyau, ta riƙe abin da aka faɗa mata, ta auna shi da abin da ta sani a aikinta. Makon da ya biyo baya ta zo aji da sabon littafin rubutu. Ta ce daga yau duk haihuwar da ta karɓa za ta rubuta ranar da sunan gidan, don kada wani ya zo bayan shekara 40 ya ce ya ga abin da aka yi kafin a haife shi.

Ku tattauna wannan a ajinku: wane labarin mafari ake bayarwa a garinku, kuma wa ya taɓa yi masa lissafi? In kun sami amsa, ku rubuto mana da hannunku.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, ko da a kanmu ne. Wassalam.